Sabuwar manhajar shago na neman mayar da ni maciyin amana

Assalamu alaikum. Ni akawu ne a wani shagon sarin kayan masarufi kusa da babbar kasuwar Kaduna. Shekarata 48, kuma 17 daga ciki a wannan shagon na yi su. Da littafi da biro nake lissafi, ba a taɓa samun naira ɗaya da na kasa bayaninta ba. Wata huɗu da suka wuce ɗan maigidana ya gama jami'a ya dawo, ya sa aka sayo manhajar lissafi da ake buɗewa ta intanet. Yini ɗaya aka koya mana ita. Tun daga ranar ban sake barci mai daɗi ba. Cinikin da nake rubutawa a minti ɗaya yanzu sai na yi minti biyar, kwastomomi na tsaye suna tsaki. Kusan kowane mako in an zo rufe lissafi sai ta nuna kuɗin da ke aljihun tebur bai kai ba. Don kada a ce na ci amana, ina cikawa daga albashina, ba wanda ya sani ko maiɗakina. Zuwa yanzu na zuba naira dubu 135. Ɗan Alhaji ya fara cewa a gaban yaran shago wai zamani ya wuce wasu. Ƙwaƙwalwata ce ta tsufa? Ko in ajiye aikin tun da sauran mutuncina?

Akawu daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam.

Dubu 135 ɗin nan su suka hana ni wuce wasiƙarka, don haka da su zan fara. Daga yau kar ka ƙara zuba ko kwabo a aljihun teburin nan. Na san mutunci kake karewa, kuma mutumin da ya shekara 17 ana damƙa masa makullin shago ba ya son ko kallon zargi a yi masa. Amma duba abin da cikon yake jawowa. Duk ranar da ka toshe giɓi daga aljihunka, lissafi ya rufe daidai, manhajar ta fita fes, shaidar da za ta wanke ka kuma ta ɓace. Alhaji bai san akwai matsala ba, ɗansa bai sani ba, kamfanin da ya sayar musu da ita ma bai sani ba. Ranar da giɓin zai zo dubu 300, wanda albashinka ba zai iya rufewa ba, tambayar farko da za a yi maka ita ce: wata huɗu lissafi na tafiya lafiya, yau me ya faru? In a ranar ka ce ai tun farko kai kake cikawa, wa zai yarda?

An yi irin wannan a Birtaniya, kuma ya ci mutane da yawa. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara raba wa ƙananan rassanta wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ke kula da ita. Masu riƙe da rassan nan mutane ne irinka, masu ɗan kanti a unguwa, kowa ya san su. Sai manhajar ta riƙa nuna musu kuɗi sun ɓata. Da yawa suka yi abin da kake yi yanzu, suna cikawa daga aljihunsu, wasu har da cin bashi da jinginar da gida. Wanda ya yi ƙorafi sai a ce masa shi kaɗai ke samun wannan matsalar. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 a kotu bisa zargin sata ko zamba ko murɗe lissafi. Wasu sun yi zaman gidan yari, wasu sun rasu ba a wanke su ba. Sai a Disamban 2019 babbar kotu a Landan ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakuran da ke iya haifar da giɓin ƙarya, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta soke hukuncin da aka yanke wa ɗaruruwansu. Ban ce manhajarku ita ma ƙirƙiro giɓi take yi da kanta ba, akwai dalilai mafi kusa da zan zo kansu. Ina dai so ka daina kallon lambar da ke allo kamar hukuncin alƙali. Mutum ne ya rubuta abin, kuma mutum tara yake bai cika goma ba.

Batun ƙwaƙwalwa kuwa, mutumin da ke riƙe da bashin kwastomomi sama da ɗari, ya san farashin sukari na jiya da na yau, ya san wanda in ya ce Juma'a to Juma'ar ce da wanda sai an bi shi gida, ba a ce masa kansa ya tsufa. A watan Agustan 2020 bankin Citibank na Amurka ya tashi biyan kuɗin ruwa kusan dala miliyan 8 a madadin kamfanin kayan kwalliya na Revlon. Allon manhajar da suke aiki da ita yana buƙatar a sa alama a akwati uku kafin uwar kuɗin ta tsaya a cikin banki, sunayen akwatunan kuma ba su nuna haka ba. Aka sa alama a guda ɗaya. Mutum uku suka duba, kowa ya ga daidai ne, aka danna. Kusan dala miliyan 900 suka fita, sai da aka shekara biyu ana shari'a kan kimanin miliyan 500 da waɗanda suka karɓa suka ƙi mayarwa. Waɗannan ƙwararru ne da aikinsu ke nan kullum, Turancin allon kuma ba baƙo ba ne a wurinsu. In allo ya ruɗe su, kai da aka koya wa yini ɗaya me ka yi na abin kunya?

Na yi shekaru cikin masu kai irin waɗannan manhajoji shaguna da makarantun kuɗi, daga Kawo har Barnawa, don haka abin da zan faɗa maka gani na yi. Ranar talla a ofishin maigida ake zama, a rufe ƙofa, a buɗe kwamfuta. Abin da ake nuna masa shi ne shafin rahoto: ribar wata cikin zane mai launi, kayan da suka fi tafiya, da yadda zai ga cinikin yini a wayarsa ko yana Makka. Wannan shafin an ƙawata shi ƙwarai, domin shi ke sa a fito da kuɗi. Shafin da kai za ka buɗe sau ɗari biyu a yini, na shigar da ciniki, leƙa shi kawai ake yi, da misalin kwastoman da ya sayi abu ɗaya ya biya lakadan ya tafi. Akawu yana waje yana sallamar jama'a. In an kira shi ciki, sai dai a ce ya sa yaro ya kawo lemo. Mai biyan kuɗin daban, mai zama da abin daban, kamfani kuma ya san wanda yake buƙatar burgewa. Haka ake yi har a manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati: kwamitin saye ya zauna da jerin abubuwan da ake so manhaja ta iya, a bi layi-layi ana sa alama, wadda ta fi yawan alama da sauƙin farashi ta ci. Ko akawu zai iya sallamar mutum talatin da ita ranar jajibirin sallah, wannan ba ya cikin jerin.

Kwatanta da WhatsApp ɗin da ke wayarka. Wa ya koya maka? Gyatumar da ba ta taɓa shiga aji ba tana aika wa jikokinta saƙon murya. Masu yin irin wannan sun san in abu ya wahalar da kai minti biyu za ka goge shi ka sauke wani, shi ya sa suke kashe maƙudan kuɗi suna zaunar da mutane suna kallon inda yatsansu ke tuntuɓe. Manhajar shago ba ta da wannan tsoron. Kai ba ka da ikon goge ta. Alhaji ya riga ya biya kuɗin shekara, an kwashe makonni ana shigar da sunayen kaya da bashin kwastomomi, canzawa wata sabuwar wahala ce. Kamfani ya san da wuya a bar shi, sai gyaran abin da ke damun akawu ya koma ƙarshen layi. Na taɓa rubuta wa wani kamfani sau uku cewa shafinsu ba ya karɓar biyan da aka raba, rabi tsaba rabi tiransifa. Amsa ɗaya suka yi ta ba ni, wai gyaran yana nan tafe. Da sabuntawar ta zo, abin da aka ƙara shi ne wasu zane-zane a shafin maigida. Har yau abin yana ci mini rai, domin yarinyar da ke karɓar kuɗi a wannan shagon an sallame ta kafin gyaran ya iso. Alhali gano irin wannan matsalar ba tsada gare shi ba. Jakob Nielsen, wanda ya yi fice a binciken yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya rubuta a 2000 cewa in ka zaunar da mutum biyar kacal ka kalle su suna aiki da manhaja, za ka gano mafi yawan wuraren da take rikita mutane. Akawu biyar ana samunsu a layi ɗaya a Kasuwar Barci.

Ka ce ciniki yana cin minti biyar. Na tabbata allon cike yake da akwatunan da ba ruwanka da su. Manhaja ɗaya ake sayar wa mai kemis da mai otal da mai kayan gyaran mota da ku. Kowane babban kwastoma ya ce a ƙara masa akwati, a ƙara, kuma ba a taɓa cirewa, don in an cire wani zai yi ƙorafi. Shekara goma ana lafta mata, sai ta zama kamar gidan gado da kowa ya fitar da ɗakinsa inda ya ga dama, baƙo ya rasa ƙofar fita. Masu rubuta ta kuma yawanci daga rumbun ajiyar bayanai suke farawa. Su tsara yadda kwamfuta za ta adana kaya da kwastoma da biya, kowanne a jerinsa, sannan su ɗauko wannan tsarin su zuba maka shi a allo yadda yake. Kai kuwa ba haka ciniki ke zuwa maka ba, duka uku a baki ɗaya suke zuwa.

Na tsaya wata safiya bayan wani akawu ina kallo. Wata Hajiya mai shago a Rigasa ta ce a ba ta kwalin taliya uku da rabi, buhun sukari ɗaya, da jarkar mai biyu. Ta ƙirga tsabar kuɗi ta ajiye, ta ce ta tura wani abu ta waya, ragowar a rubuta sai Juma'a. A littafi layi biyu ne wannan. A allo, akwatin yawa ya ƙi karɓar rabi. Akawun ya fita ya nemo taliyar a matsayin guda-guda, ya buga goma, sai manhajar ta lissafa masa da farashin ɗai-ɗai maimakon na sari. Ya zo wurin biya, zaɓi biyu ne kawai, tsaba ko kati, bashi kuwa sai an shiga wani shafi an buɗe wa Hajiya asusu. Ya shiga, ya rubuta Sa'adatu, manhajar ta fito da jan rubutu da Turanci wai sunan ba daidai ba ne. Waƙafin sama da ke cikin sunan ne ba ta so, domin a harsunan rubuta manhaja da wannan alamar ake buɗe zance da rufe shi, mai rubutun da bai son wahala sai ya haramta ta gaba ɗaya, ya bar Mu'azu da Rabi'u da Isma'il a waje. Manhajar ta kuma nemi lambar gidan waya mai lamba biyar irin ta Amurka, alhali tamu shida ce, Hajiya kuma ba ta san tata ba. Mai baro ya riga ya loda kaya, mutum shida na jira, alat bai shigo ba. Akawun ya share gumi, ya danna tsaba a kan kuɗin duka, ya ce zai gyara anjima. Anjimar ba ta zo ba sai dare, lokacin da allo ya ce aljihun tebur bai cika ba.

Wanda ya tsara wannan shafin bai taɓa tsayawa a kasuwarmu ba. A ƙasar da ya zauna ya yi shi, farashi a manne yake a jikin kaya ba a tayi, ba a cewa a rubuta, wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba ya yankewa. Ko 'yan gida ne suka yi ta, sau da yawa tsarin can suka kwafo, suka gwada a ofis mai ƙarfin sabis. Har ƙananan abubuwa suna cizo. Ka rubuta 3/4 kana nufin 3 ga Afrilu, manhajar da aka bari a tsarin Amurka ta ɗauka 4 ga Maris, ciniki ya tafi wani watan. Ka zuba lambar waya a manhajar lissafi ta Excel, ta haɗiye sifirin farko don ta ɗauka adadi ne. Wanda ya fi duka haɗari shi ne na sabis. Manhajar da ake buɗewa ta intanet, duk dannawa sai ta aika saƙo zuwa wata kwamfuta mai nisa ta jira amsa. In sabis ya yi rauni, saƙon na iya isa can a rubuta cinikin, amsar ce ta maƙale a hanya. Kai kana ganin ɗan da'irar nan tana juyawa, ka ɗauka bai shiga ba, ka sake dannawa. Manhajar da aka yi da kula tana gane cewa ciniki ɗaya ne. Wadda ba a kula ba sai ta rubuta biyu, da dare ta nemi kuɗin biyun a wurinka.

Zan yi wa ɗan Alhaji adalci, kai ma ina so ka yi masa. Son manhajar da ya yi ba laifi ba ne. Littafi yana ƙonewa in gobara ta tashi a kasuwa, yana jiƙewa, kuma lissafin da ke kan mutum ɗaya haɗari ne ga shago ranar da mutumin ya kwanta ciwo. Wata wahalar ma da gangan aka sa ta, kuma da dalili: hana goge ciniki bayan an rubuta, ko kulle farashi, kariya ce daga ɓarna, kai ma tana kare ka. Kuskurensa shi ne ya ɗauka saye shi ne ƙarshen aiki, bai zauna da wanda ya san inda ɗakin ke yoyo ba. Maganar zamani ya wuce wasu kuwa rashin ladabi ce ga wanda ya girme shi, kuma ya yi ta ne bai san dubu 135 ɗinka ke riƙe da martabar abin da ya kawo ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ɗauko littafinka na da, mako biyu ka riƙa tafiyar da shi tare da kwamfutar. Kowane ciniki ka rubuta lambar rasit, lokaci, da yadda aka biya filla-filla: nawa tsaba, nawa POS, nawa tiransifa, nawa bashi. Duk inda allo ya maƙale ka sake dannawa, ja layi a ƙarƙashi. Duk jan rubutun da ya fito, ɗauki hotonsa da waya kafin ka rufe shi. Aikin zai ninku, na sani, amma na mako biyu ne. Da dare ka buga rahoton yinin ka jera shi da littafin, sannan ka tambayi giɓin daga ina ya fito, domin kowane irin giɓi da sawunsa. In kuɗi bai kai ba, amma da aka ƙirga sito aka tarar kayan sun fi abin da kwamfuta ta ce ya rage, to an rubuta ciniki sau biyu ne, nemi rasit biyu masu kaya iri ɗaya da minti ɗaya tsakaninsu. Ɓarawo ba ya barin rarar kaya a sito. In giɓin ya yi daidai da bashin wani ko tiransifar da ba ta shigo ba, irin labarin Hajiyar Rigasa ne. In ƴan dubbai ne jefi-jefi, tuna ragin da Alhaji ke yi ta waya, rage masa dubu biyu, alhali farashin allo a kulle yake. Duba kuma ko an shigar da kwali a matsayin guda, ko kayan da aka dawo da su ka mayar da kuɗin ba a cire cinikin ba.

Wanda na fi zargi a shago irin naku shi ne kuɗin da ke fita daga aljihun tebur yini guda ba tare da rasit ba: kuɗin ɗan dako, man janareta, abincin yara, sadakar almajirai, ɗan Alhaji ya miƙo hannu ya ce ba ni dubu biyar zan sa kati. A littafi kana rubuta su a gefe, hannunka ya saba har ba ka lura. A manhajar akwai shafinsu, sai dai yakan ɓuya cikin wani lungu da ba a nuna muku a yini ɗaya ba. Sannan tambaya mai nauyi: mutum nawa suka san kalmar sirrin da kake shiga da ita? In kowa da ita yake shiga, duk abin da aka yi da sunanka ake rubuta shi, har wanda aka yi kana masallaci. Ban ce wani yana sata ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Galibin waɗannan manhajoji suna ajiye rajistar wanda ya yi me da ƙarfe nawa. Ka nemi a buɗe ta.

Kar ka jira makon biyun su cika kafin ka ga Alhaji. Amanar tsakaninka da shi take, ba da ɗansa ba, ba da kamfani ba. Ka same shi shi kaɗai, a gida bayan isha'i ya fi, ka fara da naka laifin: "Alhaji, na ɓoye maka wani abu don kunya, kuma na gane ban kyauta ba." Ka faɗa masa adadin da ranakun, ka zauna yau ka rubuta su gwargwadon abin da ka tuna, tare da saƙonnin banki na ranakun da ka ciro kuɗin in akwai. Kar ka ce a jefar da kwamfuta a koma littafi. In ka faɗi haka ka mayar da maganar zaɓi tsakaninka da ɗansa, kuma ka san wanda uba zai zaɓa. Ka ce kana so abin da yaron ya kawo ya yi aiki, ga hanyar da kake bi don gano inda kuɗin ke maƙalewa, a ba ka mako biyu. Daga ranar, duk giɓin da ya fito a rubuta shi yadda yake, kai da wani ku sa hannu. Maganar da ake yaɓa maka a gaban yara ka ambace ta sau ɗaya, cikin natsuwa, ka bar wa Alhaji sauran. Batun mayar maka da kuɗinka haƙƙinka ne, kar ka yafe shi don kunya, amma ka bari sai littafin ya yi magana.

Shi kuma yaron, ka jawo shi a jiki. Ka ce masa, "Ɗana, zo ka zauna kusa da ni safiyar Litinin, kai ka riƙa dannawa ni ina faɗa maka abin da kwastoma ya ce." Kar ka gyara masa, kar ka nuna ka ji daɗi in ya maƙale. Gani ya kori ji. Awa biyu a bakin kanta za su sa shi da kansa ya ɗaga waya ya kira kamfanin, kuma muryarsa suke ji, don shi ke sabunta kuɗin shekara. In ya kira, ku nemi mutuminsu ya zo ranar cunkoso ya tsaya ya gani, a ɓoye akwatunan da ba ku amfani da su, a saita rabin kwali da farashin sari, a nuna muku yadda ake raba biya da inda ake rubuta ƙananan kashe-kashe, kowane ma'aikaci a ba shi kalmar sirrinsa. Da yawa daga cikin waɗannan suna nan cikin saitin manhajar, ba a kunna su ba ne don ba wanda ya tambayi akawu. Ku kuma yi yarjejeniya a kan abin da za a yi in sabis ya ɗauke: rasit na hannu, a shigar daga baya, ba dannawa sau biyu.

Kai ma akwai naka. Ka roƙi a buɗe maka wurin gwaji a manhajar, ko ka zauna rabin awa bayan an rufe shago, ka maimaita ayyuka biyar ɗin da ka fi yi har hannunka ya riƙe, ka rubuta matakansu da Hausa a kwali ka manna a gefen allo. Kuma yaushe rabonka da auna ido? Bayan shekara 40 ganin kusa yana raguwa ga kusan kowa, rubutun waɗannan shafukan kuma ƙanana ne, 3 da 8 sai su zama ɗaya. Asibitin Ido na Ƙasa yana nan wajen Mando. Kafin ka je, riƙe madannin Ctrl ka danna alamar tarawa, rubutun shafin zai ƙara girma.

Ajiye aiki a yanzu, a'a. Wanda ya tafi ya bar giɓin da ba a bayyana ba, kasuwa za ta bayyana shi a madadinsa, kuma ka san abin da za a ce. In bayan an gano tushen matsalar aka ci gaba da wulaƙanta ka, sai ka tafi da sunanka a wanke, akawu mai shekara 17 ba ya rasa mai ɗauka tsakanin babbar kasuwa da Kakuri. Maiɗakinka kuwa ka faɗa mata yau da dare. Ta riga ta ga cefane ya ragu kuma ta ga ba ka barci, wataƙila abin da take zargi ya fi gaskiyar muni.

In mako biyun suka cika, ka sake rubuto mini abin da littafin ya nuna. In akwai lambar da ta ƙi fitowa ta kowace hanya, ka haɗo da hoton rahoton ranar da shafin littafinka na ranar, ka rufe sunayen kwastomomi, mu duba tare. Allah ya fitar da kai kunya.